Dundumi a Gidan Dalhatu

Dutsen farko ya faɗo ne ranar wata Alhamis, bayan an idar da sallar magariba, Ummulkhairi tana zaune a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Bai yi wata ƙara ba. Ya faɗa cikin waken, ya watsar da kaɗan, ya tsaya. Ta ɗauka yaran unguwa ne ke jifan jemagu a darbejiyar ƙofar gida, ta kai hannu za ta fitar da shi, sai ta janye da sauri ta sa yatsun a baki. Dutsen da zafi, kamar yanzu aka ciro shi daga murhu.

Na biyu ya faɗo kusa da randa. Na uku ya sauka a kan kwanon rufin ɗakin girki, ya gangaro. Daga nan sai shiru, irin shirun da ke sa mutum ya lura kaji ma sun daina motsi a akurki.

Mijinta, Dalhatu, ya dawo daga masallaci ya tarar da ita a bakin ƙofar ɗaki, ta riƙe 'yarsu Nana Firdausi a gefe. Ya haska duwatsun da fitilar waya, ya juya su da tsinke, ya ce yara ne. Ummulkhairi ba ta yi musu ba. Ta dai tambaye shi inda yaro zai samo dutse a Gumel, garin da ko ƙasan rijiya yashi ne, sannan wane yaro ne zai tsaya gasa shi kafin ya jefa.

Dalhatu ma'aikacin safiyo ne a ofishin filaye, ya haura hamsin, mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya auna shi. Shekara goma sha biyu ke nan da ya kamu da ɗaukar hoton sama. Yana da madubin hangen nesa fari, tsawonsa bai kai taɓarya ba, yana ɗaura masa kyamara a baya, ya kafa shi a kan ƙafafu uku masu ƙaramin inji da ke juya shi a hankali yana bin taurari. Ya ɗauki ramukan wata, ya ɗauki baƙaƙen tabon da ke fuskar rana ta cikin wani gilashi mai duhu, ya ɗauki abubuwan da ido ba ya gani sai kyamara ta daɗe a buɗe. A unguwa ana kiransa mai leƙen sama, shi kuma sunan bai taɓa ɓata masa rai ba.

Kwana tara kafin jifan, bayan an gama yankan gero, sama ta washe, ya ɗauki kayansa ya tafi gonar wani abokinsa kusa da Gagarawa Tasha, inda hasken gari ba ya kaiwa. Ya saita madubin a kan taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta, ya bar kyamara tana ɗaukar hoto ɗaya duk minti biyu, ya kishingiɗa a tabarma. Bai ma ga abin da ya faru ba, domin a lokacin yana zuba shayi. Haske kawai ya gani ya wanke gonar, ya ɗauke.

Nana ce ta gano shi washegari. Shekarunta sha tara, ta gama sakandare tana jiran gurbin karatu, kuma ita ke haɗa masa hotunan a kwamfuta, domin hannunta ya fi nasa sauri. A hoto na sittin da uku wani layin wuta ya tsaga taurarin gida biyu, kore a farko, fari a tsakiya, ya fashe a ƙarshe. A hotuna uku da suka biyo baya akwai wani jan hayaƙi a inda wutar ta mutu. A na farko a miƙe yake. A na biyu ya lanƙwashe. A na uku ya dunƙule, kamar mutum ya haɗa kai da gwiwa.

Dalhatu ya san darajar abin. Fuskar madubinsa ɗan guntun sama take gani, wanda babban yatsa zai rufe, kuma mutum zai ƙare rayuwarsa irin wannan wuta ba ta ratsa masa ta wurin ba. Ya yi wa Nana bayani cewa tsakuwa ce da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ta shigo iskar duniya da gudu ta ƙone. Nana ta saurara, ta gyaɗa kai. Amma da ta zo ɗora hotunan a guruf ɗin unguwa da na tsofaffin ɗalibai, ba bayanin tsakuwa ta rubuta ba. Abin da kowane yaro ya tashi yana ji ta rubuta, cewa idan tauraro ya faɗo, aljani ne mai laɓe don satar jin labarin sama aka jefa. Ta rubuta, “Wani ya sha jifa, ga shi nan yana birgima,” ta jera fuskokin dariya guda biyar.

Kafin la'asar hoton ya kai Maigatari, kafin kwana biyu ya tsallake iyaka. Maƙwabcinsu Ɗantsoho, mai sayar da hatsi, ya leƙo ta katanga yana cewa wallahi aljanin ya ji jiki, gobe ma ya ƙara laɓe. Dalhatu ya kai hotunan huɗu aka wanke su a jere a takarda ɗaya, aka sa musu gilashi, ya rataye a bangon falo.

Jifan bai tsaya a Alhamis ba. Kullum da zarar an sallame magariba sai ya fara. Dalhatu ya tunkari abin da irin hanyar da ya sani. Ya share tsakar gida, ya baje yashi sumul, ya zauna a baranda da littafi da agogo. Da safe ya auna ramukan. Dutsen da aka jefo daga bayan katanga a karkace yake shiga ƙasa, ya bar jela a bayansa. Waɗannan ramukan a tsaye suke cak, kowannensu zagayayye kamar an dasa shi da turmi. Ya rubuta wannan a littafin, ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta, sannan ya rufe bai gaya wa kowa ba.

A dare na huɗu aka fara jin kukan. Ba daga waje yake zuwa ba, ba kuma daga ɗaki ba. Daga sama yake saukowa, saitin tsakar gida, muryar mace babba wadda ta yi kuka har ya ƙare mata, sai nishi da jan numfashi. Ummulkhairi ta ce ta san irin wannan kukan. Ta ce ana jinsa ne a gidan rasuwa bayan 'yan gaisuwa sun watse.

A dare na shida Nana ta fito daga ɗakin girki da kwanon tuwo, ta tsaya a tsakiyar gida.

“Umma, an ɗauke wuta ne?”

Ƙwan fitila yana ci a saman kanta. Ummulkhairi ta dube ta, ta dubi ƙwan.

“Ajiye kwanon, Nana. Ajiye shi a nan inda kike.”

Da gari ya waye tana gani sarai, har tana zura zare a allura. Rana na faɗuwa idon ya sake rufewa. Kowa ya san dundumi, kowa kuma ya san maganinsa. Aka gasa mata hanta safe da yamma. Aka kai ta asibiti, likita ya haska idon ya ce bai ga komai ba, ya rubuta ƙwayoyi. Ba abin da ya sauya, sai ma lokacin da ya riƙa matsowa. Ranar farko da magariba duhun ya zo mata. Bayan mako guda, rana tana saman darbejiya take fara lalube. Dalhatu ya rubuta wannan ma, kuma bai buƙaci kwamfuta ba kafin ya gane cewa idan aka ci gaba a haka, kafin wata biyu ba za ta sami ko sa'a ɗaya ta haske ba.

Sai wata magariba suka neme ta a ɗaki ba ta nan. Suka same ta a falo, fitila a kashe, ta tsaya ƙyam a gaban hoton, hancinta ya kusa taɓa gilashin. Yarinyar da ba ta ganin tafin hannunta tana bin jan hayaƙin da yatsa, daga miƙewarsa zuwa dunƙulewarsa, ba ta kauce ko kaɗan ba. Ta yi magana ba ta juyo ba, da muryar da ta girmi uwarta.

“Ko ɓarawo aka kashe a kasuwa, ana samun mai rufa masa zane.”

Ɗantsoho ne ya ɗauko Malam Cindo daga Ɗanzomo a motarsa ta ɗaukar buhuna, kuma a hanya bai yi wasa ko ɗaya ba. Malam Cindo ɗan tsoho ne siriri, mai tsabtar farce, ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi abinci, ya sha ruwa. Ya sa aka nuna masa duwatsun, aka nuna masa hoton, aka karanta masa abin da Nana ta rubuta. Ya nemi Dalhatu ya bayyana masa yadda na'urar ke aiki, ya saurara har ƙarshe kamar ɗalibi.

“To, Malam Dalhatu, ni ban ce ba tsakuwa ba ce,” in ji shi. “Tsakuwa ma ai da ita ake jifa. Abu ɗaya zan roƙe ka. In mai kukan nan ta zo, za ta neme ka da magana. Kada ka amsa. Ko zaginka ta yi, ko uwarka ta ambata. Su ba a ciniki da su sai ta bakin mutum ɗaya.”

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a falo. Ummulkhairi ta zauna a bayan Nana ta rufe mata ƙafafu da mayafi. Dalhatu ya zauna a bakin ƙofa. Malam ya fara karatu a hankali, yana tofawa a kofin ruwa. Duwatsu suka fara sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, da tazara daidai kamar ana ƙirga su. Da ya kai ayoyin da suke maganar tsaron sama da jifan masu satar ji, Nana ta miƙe zaune, ta buɗe ido. Duwatsun suka tsaya.

“Ya isa, Malam. Wannan wurin na fi ka saninsa,” in ji muryar nan ta babbar mace daga bakinta.

“Baiwar Allah, wace ce ke?”

“Uwar wanda ke rataye a bangon nan.”

“Daga ina?”

“Ƙarƙashin tsohuwar hanyar jirgi a Gagarawa. Tun ba a shimfiɗa ta ba muke nan.”

“Musulma ce ke?”

“Ni dai ina sallah. Shi ne ya bi abokai.” Muryar ta ci gaba daga bakin Nana: “Na hana shi. Na ce masa ba wanda ya taɓa hawa ya dawo da abin kirki. Ya ce sau ɗaya ne.”

“To kin san hukuncin ba na mutanen gidan nan ba ne. Wanda ya jefe shi, kin san Shi.”

“Na sani. Ba ni da shari'a da Shi, ban isa ba. Da na je na tattaro abin da ya rage, na ɗauka ni kaɗai na ga yadda ya ƙare. Na ce to, asirinsa a rufe. Sai na shigo kasuwar Maigatari ranar Alhamis, na ga mai cajin waya yana nuna wa mahauta ɗana yana naɗewa, suna dariya. Na je Sule Tankarkar na gan shi. Na tsallaka Damagaram na gan shi. Malam, kana da ɗa?”

“Ina da su.”

“To.”

Malam Cindo ya ɗaga kai ya dubi hoton. Sannan ya dubi Ummulkhairi, ya nuna bango da haɓa. Ta tashi ta sauke hoton, ta cire ɗankwalinta na sama ta naɗe shi. Aka ɗauko kwamfuta da katin kyamara da wayoyin gidan, Dalhatu ya goge hotunan huɗu da hannunsa.

“An suturta shi,” in ji Malam. “Saki idon yarinya ki tafi.”

Dariyar da ta fito daga bakin Nana gajera ce, ba daɗi a cikinta.

“Na gidan nan ke nan. Na mai caji fa? Na mahautan? Ka tura a karɓo su, ina jira.”

“Kin san ba zai yiwu ba.”

“Na sani. Shi ya sa na zo da nawa lissafin. Muddin akwai ido ɗaya da ke kallon ɗana, wannan idon ba zai ga komai ba. Dare na karɓa, yanzu ina cin rana.”

“Yarinya ce. Ba ta san abin da take yi ba.”

“Ta sani. Ba ta rubuta tsakuwa ta faɗo ba. Ta rubuta wani ya sha jifa. Ta san wani ne.”

Malam ya ɗauki kofin ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi, ya yayyafa mata ruwan. Jikin Nana ya sandare, ta yi wani ƙara da ya sa karnukan bayan gari suka amsa. Hawaye suka zubo mata, Ummulkhairi ta goge da gefen zane, ta duba zanen a hasken fitila, ta ga ja ne.

“Ƙona ni,” in ji muryar, tana haki. “Za ka iya, na ga kana da ƙarfin. Amma ina riƙe da jijiyar idonta. In na fita da wuta, da ita zan fita.”

Malam ya dakata. A cikin wannan dakatawar ne kan Nana ya juya a hankali zuwa bakin ƙofa.

“Kai mai awo. Kai da ka ce tsakuwa ce. Na aiko maka da tsakuwoyi, ka auna su da kyau?”

“Malam Dalhatu,” in ji Malam Cindo, bai juya ba.

“Ba ita ta kafa bututu a gona ba. Ita dariya ta yi, kai ka ɗauko gawar ka kawo mata. Ga ciniki, kuma ba zan maimaita ba. Ka ba ni darenka, in bar mata idonta duka. Rana taka ce, ka auna filayenka. Amma daga faɗuwarta zuwa fitowarta, ba wata, ba tauraro, ba fuskar matarka, har ka mutu. Ka ce na ba ki, shi ke nan.”

“Ba a ba su komai,” in ji Malam. “Ka bar ni da ita, ko kwana bakwai ne za mu yi.”

Ummulkhairi ba ta dubi Malam ba. Mijinta take kallo.

Dalhatu ya buɗe baki, bai yi magana ba. Wanda bai san shi ba zai ce umarnin Malam yake bi. Matarsa ta san shi shekara ashirin da uku, ta kuma ga inda idonsa ya tafi: ta ƙofar da ke buɗe, sama da katanga, inda taurarin farko suka fara fitowa. Ba wanda ya motsa. Agogon bango ya yi ta tafiya. Wani jan ɗigo ya gangaro daga idon Nana, ya bi kumatunta, ya tsaya a haɓa, ya ɗiga a mayafi, wani ya biyo shi, shi ma ya kammala tafiyarsa.

“Baban Nana,” in ji Ummulkhairi, a hankali ƙwarai.

“Na ba ki,” in ji Dalhatu.

Malam Cindo ya runtse ido ya yi salati. Da ya buɗe, bai ɓata lokaci a kan abin da ya riga ya wuce ba. Ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya jefi ɗanta cewa ba za ta dawo gidan ba, ba ita ba danginta, ba za ta taɓa yarinyar ba, ba za ta taɓa abin da yarinyar za ta haifa ba. Ta rantse sau uku, ba gardama, kamar wadda ta gama abin da ya kawo ta. Ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu.

“Zan fita. Amma ka sani, Malam, tun da na fara yi masa magana na sassauta mata. A farke take. Ta ji tambayar, ta ji kuma tsawon lokacin da ya ɗauka.”

Ƙafar hagun ta yi rawa, yatsan ya miƙe, ya saki. Nana ta yi atishawa sau uku ta faɗa jikin uwarta. Da ta ɗago, ta dubi fitila ta ƙifta ido, ta dubi Malam, ta dubi zanen uwarta. A bakin ƙofa Dalhatu ya ɗaga hannunsa ya riƙe shi a gaban fuskarsa, ya juya shi gaba da baya, ya mayar da shi kan gwiwa.

Ba a ƙara jifa a gidan ba. Malam Cindo ya dawo sau biyu ya yi wa Dalhatu karatu, a na biyun ya gaya masa gaskiya, cewa abin da aka ƙwace ana iya ƙwato shi, wanda mutum ya bayar da bakinsa kuwa sai dai addu'a. Dalhatu ya ci gaba da zuwa ofis. Yana dawowa da wuri, ya yi alwala tun da sauran haske. Ɗantsoho ne ke riƙo shi daga masallaci zuwa ƙofar gida, daga nan Nana ta karɓe shi. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa barin ya yi tuntuɓe ba. Ba ta kuma taɓa tayar da maganar daren ba, shi ma bai tayar ba.

Wata magariba, kusan mako uku bayan haka, tana riƙe da hannun rigarsa suna ratsa tsakar gida, sai ya tsaya. Ya ɗaga fuska sama, ta wajen yamma, daidai inda ya san ya kamata.

“Yau biyu ga wata,” in ji shi. “Ya fito, ko? Yaya kwanciyarsa?”

Nana ta ɗaga kai. Jinjirin watan yana nan saman darbejiya, siriri, tas, da wani farin tauraro a ƙarƙashinsa. Ta kalle shi har ta ƙoshi.

“Ban duba ba, Baba,” in ji ta. “Ɗaga ƙafa, ga dakali.”